Tocilar goshi a kan keken ɗinkina, da akwatin tocilolin maigida

Ni tela ce, a cikin gida nake ɗinki a nan Tawa, da keken ƙafa na ƙarfe da na gada wajen gwaggona. Duk wanda ya san aikinmu ya san idan Sallah ta matso yini ba ya isa, sai an haɗa da dare. Shekara biyu ke nan ina aikin daren da wata tocila da ake ɗaurawa a goshi, kuma mata da yawa da suka zo karɓar ɗinki sun tambaye ni ko ta ci kuɗinta. Ta ci, har da riba. Amma labarinta ba ya tafiya sai da na maigidana, domin daga akwatinsa ta fito, kuma akwatin nan ya taɓa kusan shiga tsakaninmu.

Malam mai tara tociloli ne. Ba saye da sayarwa yake yi ba, so ne kawai, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. Kamar yawancin samarin Adar, ya tafi bida Abijan, ya yi shekara bakwai yana gadin dare. Mutumin da yake yi wa gadi ya ba shi tocilar Maglite, doguwa baƙa mai cin manyan pil uku, irin wadda aka fara ƙerawa a Amurka a 1979. Ya ce da ita ya kwana tsaye daruruwan darare a ƙasar da ba ta ubansa ba, ita ce abokiyar hirarsa. Da ya dawo gida ya tarar da tsohuwar tocilar kwano ta mahaifinsa, mai cin pil ɗin Tiger Head, ya goge mata tsatsa ya ajiye su tare. Daga biyun nan aka soma. Ranar da na ƙirga, ashirin da bakwai ne a cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, kowace a naɗe cikin ƙyallen da ya tsinta a ƙarƙashin kekena.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ban taɓa jin haushin son da yake yi musu ba. Idan ya zauna yana bayani, yara har baki suke saki: yadda wani Bature ɗan Ingila, David Misell, ya yi rajistar tocilar hannu a Amurka a 1899, da yadda wasu masana uku 'yan asalin Japan suka sami kyautar Nobel a 2014 saboda shuɗin ƙwan LED, wanda daga gare shi aka samo farin hasken da ke cikin kowace waya yanzu. Abin da ya dame ni daban ne. Kuɗin cefane bai taɓa taɓawa ba, wannan shaida ce da zan bayar ko a gaban wa. Amma abin da ya kamata a ajiye don rago ko kayan lakwal na watan Oktoba, sai in ji an aika Yamai ko an ba wani mai zuwa Kano saƙo. Kowace Lahadi yana cikin kasuwa yana bin masu kayan gwanjo. Bayan lisha kuma shi da abokansa na fada su fita bayan gari wai za su gwada wadda ta fi kai haske nesa, ba ya shigowa sai yara sun yi barci. Makullin akwati kuwa yana aljihunsa.

Sai aka shiga 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, a farkon Agusta aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar. Tashar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018 megawat 7 ce kawai, ba za ta riƙe yanki guda ba. Takunkumin da ya jawo yanke wutar ba a ɗage shi ba sai 24 ga Fabrairu 2024. A cikin waɗancan watanni, wani dare bayan an koma lakwal, na fito tsakar gida na tarar da babbar ɗiyata ta jingina wayata da kwano tana karatu, ni kuma ina jiran ta gama in karɓa in saka zare a allura. Gida mai tocila ashirin da bakwai. Da Malam ya shigo ban ɗaga murya ba, na ce, "Malam, dubi ɗiyarka." Ya tsaya ya duba. Ya ce yara za su lalata masa su, wasu ba a sake samun irinsu. Na ce, "To mu fa, ana sake samun idonmu?"

Kwana biyu muna gaisuwa kawai. Inna, mahaifiyarsa, ita ta lura, ta kira shi ɗakinta. Ban ji abin da ta faɗa masa ba, ban kuma tambaya ba. Washegari ya buɗe akwatin a tsakar gida, ya ware biyar da ya ce na tarihi ne, sauran ya raba: ɗaya ɗakin Inna, ɗaya madafa, ɗaya bayan gida a rataye da ƙusa, yara manya kowa da tasa. Ni ya miƙo mini wannan, ya ce, "Ke wannan ce ta dace da aikinki, jikka goma sha takwas na saye ta." Raina ya sosu da jin kuɗin, domin ɗinki nawa zan yi kafin in haɗa su. Yau ba na ganin tsadarta.

Jikinta na alminiyam ne, tsawonta bai wuce tafin hannu ba, kanta a lanƙwashe yake yana kallon gefe. Tana da maɗauri na roba da ake zagayawa a kai, ana kuma iya zare ta a riƙe a hannu. A gindinta akwai maganaɗisu, kuma wannan shi ne abin da na fi amfana da shi. Kan kekena ƙarfe ne, sai in manna ta a gefe in karkata hasken daidai bakin allura, hannuwana biyu suna kan yadi, inuwar kaina ba ta faɗa wa aikin. Idan allura ta faɗi cikin rairayi, da gindin tocilar nake tsince ta.

Inda ta yi wa sauran nisa shi ne launin haske, kuma a nan nake so 'yan'uwana teloli su saurara da kyau. Tocilolin kasuwa masu arha haskensu fari ne fat mai sirkin shuɗi. Yana da ƙarfi a ido, amma yana yi wa launi ƙarya. Na sha ɗinka atamfa da daddare da zaren da na rantse ya dace, gari ya waye in ga jan garura ne a kan jan wuta, ko baƙi a kan shuɗi mai duhu, in zauna ina farkewa. Malam ya ce abu biyu ake dubawa. Na farko zafin launi, da ake aunawa da Kelvin: masu shuɗin nan wajen 6500 suke, tawa 4000, haskenta kamar na hantsi. Na biyu wani ma'auni ne da ake rubutawa CRI, wanda ke nuna yadda haske ke fito da launi a kan gaskiyarsa. Hasken rana shi ne 100, na gama-gari wajen 70 suke tsayawa, tawa ta haura 90. Ni dai lambobi ba su ne suka gamsar da ni ba, gani ya kori ji. Azumin 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, na yi ɗinkin Sallah kusan duk da dare, ban farke ko ɗaya ba saboda launin zare. Idona ma ya daina yin yaji da asuba.

Batirinta guda ne, irin wanda ake kira 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Ana yi mata caji da igiyar waya ta USB-C, a ƙaramin faifan hasken ranarmu takan cika daga hantsi zuwa azahar. A matsakaicin haske, wanda shi nake aiki da shi, tana kai ni dare uku ina yin awa uku-uku. A mafi ƙanƙanta kuwa, wanda nake bari idan yaro ba shi da lafiya, sai ta yi kwanaki.

Aibunta na farko zafi. An rubuta a kwalinta tana ba da lumen, wato ma'aunin yawan haske, fiye da 1000, kuma tana bayarwa, amma na minti biyu ko uku. Daga nan jikinta ya ɗau zafi ta rage hasken da kanta. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke wuce digiri 40, ko a matsakaici ma goshi yana jin ɗuminta, shi ya sa nake barin ta a jikin keke. Tana kuma da ɗan nauyi. Bayan awa guda a kan kallabi sai ta fara zamewa. Da damina ƙwari suna bin hasken har cikin ido. Maɓallinta ɗaya ne amma aikinsa da yawa: dannawa ɗaya, dannawa biyu, danna ka riƙe. Sai da na yi sati kafin hannuna ya saba, Inna kuwa ta gwada sau ɗaya ta mayar mini, ta ce a bar ta da mai kunnawa da kashewa.

Akwai wani abu da ba a rubuta a kwali ba. Tocilar goshi duk inda ka juya fuska nan take haskawa. Ranar farko ƙanin mahaifin Malam ya yi sallama, na taso na durƙusa zan gaishe shi, na ɗago na dalle masa ido. Na ji kunya ƙwarai. Tun daga ranar, da na ji sallama hannuna ke fara kai wa maɓalli, yara ma na koya musu haka.

Batun batir kuwa ba na wasa ba ne, ku ji da kyau. Kafin a buɗe akwati, Malam ya taɓa sayo wasu a kasuwa da aka rubuta musu 9900 mAh, wato yawan cajin da suke ɗauka. Na gaskiya a wannan girman ba ya wuce wajen 3500, duk wanda ya rubuta fiye da haka da nisa ƙarya yake yi, kuma idan ka ɗaga za ka ji shi sakayau. Ɗaya daga cikinsu ya yi zafi yana kan caji a ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana, har fatarsa ta fara narkewa. Allah ya sa ina kusa na ji ƙauri na cire. Irin wannan batir yana iya kama wuta. Yanzu doka ce a gidanmu: ba a caji sai da babba a wurin, ba a barin batir tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, wanda fatarsa ta yage kuma an daina aiki da shi.

Abin da ya ƙarasa sauya gidan ba tawa ba ce, wata 'yar ƙarama ce da na fi raina wa kuɗinta. Kunama ta harbi autanmu a bakin randa, muka kwana a likita, Allah ya kiyaye. Da muka dawo Malam ya ɗauko wata tocila mai hasken UV, wadda a ido kusan ba ta haska komai. Ya kashe sauran fitilu ya bi gindin katanga da ita. Sai ga kunama tana ƙyalli kore shar a cikin duhu, kamar an shafa mata fenti. Fatar jikinta ce ke yin haka a ƙarƙashin wannan haske. A daren muka kashe huɗu. Tun daga nan, duk lokacin zafi da farkon damina, bayan lisha shi da yara suke zagaya gidan kafin a shimfiɗa tabarmi a waje: shi da tocila, babban da muciya, ƙananan a bayansu sanye da takalma. Ya hana su haska ta a idon kowa. Maƙwabta ma suna aikowa a ara. Fitar bayan gari da 'yan fada ta koma ranar Asabar kaɗai, kuma wani lokaci da ɗansa yake tafiya.

Bai daina so ba, ban kuma nemi ya daina ba. Mun dai yi magana: ba za a sayi sabuwa ba sai an fitar da wata, ko a sayar ko a bayar, kuma daga Satumba zuwa Oktoba ba a sayen komai sai an gama da kayan lakwal. Sau ɗaya ya karya wannan, ya zo da kansa ya faɗa mini. Biyar ɗin tarihi suna nan a akwati, amma kwaɗon yanzu a buɗe yake.

Ga wadda ke ɗinki, ko saƙa, ko kitso da dare, abin da zan ce ta nema shi ne mai haske irin na hantsi, mai maganaɗisu, mai batir da ake iya cirewa a sauya. Kada yawan lumen da ke kan kwali ya ruɗe ta, ƙaramin haske mai gaskiya ya ishi bakin allura. Idan jikka goma sha takwas ta yi nauyi, akwai masu rabin haka da za su yi aiki, amma a je da ƙyallen atamfa da zare kala biyu masu kama da juna a gwada a cikin inuwar shago kafin a biya. Tawa a shekara biyu ta faɗi daga kan keke ba sau ɗaya ba, ruwan sama ya taɓa dukanta a igiyar shanya, fentin gefenta ya ɗan goge, haskenta kuwa yana nan yadda yake. Maɗaurin ne kawai ya saki bayan shekara guda, na sayi roba mai faɗi a kasuwa na ɗinka mata sabo, da hasken ita kanta a manne a jikin keke.