Sharhi kan akwatin gilashi mai sanyi na rainon ƙananan furannin okid

An ƙera wannan akwati ne domin ƙananan okid irin su Masdevallia da Dracula, waɗanda asalin yawancinsu dazuzzuka masu hazo ne na tsaunukan Andis a ƙasashen Kudancin Amurka irin su Kolombiya da Ekwado. A fannin sanyi ya cika alkawari, domin yana riƙe zafi ƙasa da digiri 24 da rana, ya sauke shi zuwa wajen 12 da dare, kuma wannan sanyin dare na cikin abin da tsirran suke buƙata kafin su yi fure sosai.

Na'urar feshin hazo ba ta da laifi, amma fankar ta yi ƙanƙanta. Masdevallia ba ta da kumburarren tushe mai adana ruwa kamar wasu danginta, saboda haka tilas gansakukar da ke cikin tukunya ta zauna da danshi kullum. Idan kuwa iska ba ta zagayawa, ruwa yakan kwanta a gindin sabon ganye har ya ruɓe. A kusurwar baya na ga baƙaƙen ɗigo sun fara bayyana a kan ganye, sai da na ƙara fanka ta biyu suka tsaya.

Mai sha'awar haɗa iri zai yaba da faɗin ƙofar, wadda ke ba hannu damar ɗauko ƙullin garin fure da tsinken sakace ba tare da an fitar da tukunya ba. Hasken fitilar matsakaici ne, daidai da tsirran da suka saba da inuwa.