Na sa an zana mini ƙauyenmu da fentin mai a Legas: ga yadda aikin ya fito

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kayan gargajiya ta Lekki, ko ya kula da zane-zanen da ake jinginawa a bakin titi, ya san irin ƙauyen da ake sayarwa a garin nan: bukkoki uku, mace da tulu a ka, rana ja jawur tana faɗuwa bayan bishiyar kwakwa. Ƙauyen ba na kowa ba ne. Ba na Bayarabe ba, ba na Tibi ba, balle namu. Ni kuwa nawa nake so, wanda aka yanke mini cibiya a cikinsa a ƙasar Gumel, don 'ya'yana haihuwar Agege ne, abin da suka sani na gida bai wuce zuwan sallah ba. Shi ya sa na ƙi na kasuwa, na nemi mai zane ya yi mini nawa tun daga tushe. Zanen ya ga damina ya ga hunturu a bangon falona, yanzu na isa in yi magana a kansa.

Kwalliya dai ta biya kuɗin sabulu. Amma da hotuna kawai na miƙa na koma kasuwa ina jiran a kira ni, da abin da zan karɓa bai bambanta da na bakin titi ba sai a tsada.

Mai zanen Bayarabe ne, magidanci mai furfura, ɗakin aikinsa yana saman wani tsohon bene. Bai taɓa kwana a ƙauyen Arewa ba, kuma bai ɓoye mini ba. Sa'ar da na yi, yaronsa a cikin Hausawan Agege ya tashi, yana jin Hausa kamar jakin Kano, shi yake mana tafinta in Turancin buroka ya ƙare mana. Muka shirya a kan kyallen kanbas mai faɗin ƙafa 3 da tsayin ƙafa 2, lokaci farkon hunturu bayan an kai amfani gida, da hantsi. Na ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Farashin ba na wasa ba ne, kuma ban ga laifinsa ba: fenti da buroshi na kirki daga waje ake shigo da su, dala na motsawa suna motsawa. Ya buɗe akwati ya nuna mini bututan da yake aiki da su, yawancinsu Winsor & Newton.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa fenti ba sai da ya yi zanen gwaji da gawayi a takarda ya kira ni in duba. A nan aikin ya tsira. A bayan zaure ya dasa kwakwar manja. Na ce, "Oga, wannan bishiyar ba ta zuwa garinmu." Muka cire ta muka sa goruba, ya daɗe yana kallon hoton a waya, wai bai taɓa ganin dangin dabino ko kwakwa da gangar jikinta ke rabuwa biyu, kowane reshe kuma ya sake rabuwa ba. Rumbu kuwa ya dasa shi a ƙasa da ƙofa a gaba, ya zama ɗakin kwana. Na bayyana masa cewa rumbu a kan duwatsu ko itace ake ɗora shi, don gara da laima kada su taɓa hatsi, ta sama ake shiga bayan an ɗaga hular ciyawa, kuma ƙarƙashinsa nan kaji suke fakewa da rana. Yana jin haka ya sa kaza da 'yan tsakinta a inuwar. Ban roƙe shi ba, shi ya ga ya dace.

Inda muka fi daɗewa shi ne kan gawo da kuka. Hotunan da ke hannunsa wasu na damina ne wasu na rani, sai ya tara su wuri guda: kuka kore shar, gawo tsirara babu ganye, ga kuma damman gero a ƙasa. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai ga wannan daga nesa. Gawo ba ya bin sauran itatuwa. Da damina yake kakkaɓe ganye, shi ya sa manomi yake barinsa a tsakiyar gona, ba ya hana gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. In ruwa ya ɗauke, kowa ya bushe, sannan shi yake tofo, 'ya'yansa su zama abincin awaki da shanu. Kuka kuma a lokacin ta zubar da nata, sai rassa da 'ya'ya suna reto. Da na gama bayani ya ajiye gawayin ya ce, "Alhaji, ashe koren da zan sa a zanen nan ɗaya ne tak." Haka kuwa aka yi. Gawon nan shi kaɗai ne kore a duk faɗin kyallen, ido yana sauka a kansa kafin ya tafi ko'ina, kuma a ƙarƙashinsa ya tara shanun Fulani da suka shigo cin kara.

Ilimin ƙauye ni na kawo, amma haske nasa ne, kuma a nan na san na haɗu da gwani. Hazon hunturu abu ne mai wuyar kamawa. Waya ma in ta ɗauka sai ya fito fari fat babu rai. Shi bai taɓa baƙin fenti ba ko ɗigo. Launukan ƙasa ya yi aiki da su, rawaya mai duhu, ja irin na marmara, ruwan makuba, sai fari da ɗan shuɗi kaɗan. Itatuwan nesa ya bar su suna narkewa cikin ƙura har ba ka iya cewa ga inda gona ta ƙare sama ta fara. Na tsaya a bayansa na ga yadda yake yi: shafin farko siriri, an tsarma shi sosai, na bayansa ya fi kauri da maiƙo, haka har sama. Ya ce in aka juya tsarin, na sama ya riga na ƙasa bushewa, zanen tsattsagewa yake yi bayan shekaru. Bangon zaure kuwa ba da buroshi ya yi shi ba, da 'yar wuƙar zane ya dinga ɗora fentin yana ja, har in ka matso sai ka ga shatin yaɓe, da inda ruwan indararo ya zaizaye gindin katanga. Wannan narkewar launi cikin launi ita ce dalilin da ya sa ya hana ni akirilik, wato fentin da ake tsarmawa da ruwa, duk da ya fi araha. Akirilik cikin mintuna yake bushewa, fentin mai kuwa yana ba mai zane kwanaki yana lallaɓa shi.

Ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan hannu a Legas. Tun a shekarun 1920 marigayi Aina Onabolu ya koyar da zane a makarantun garin nan, bayan ya yi karatu a Landan da Faris. Kwalejin Fasaha ta Yaba tana nan tun 1947, kuma marigayi Yusuf Grillo, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen zane a can, a Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Abin da ke ci mini rai shi ne, makarantar da ta horar da manyan masu zanen ƙasar nan a ƙasar Hausa take, amma ka zaga shagunan zane na Legas, in ka ga Arewa to hawan daba ne ko 'yar Fulani da ƙwaryar nono. Masussuka, burtali, bakin rijiya, fadama da rani, ba kasafai ake ganinsu ba. Mu da muka san su ba mu cika sa a zana ba.

Akwai maganar da na san wasu za su yi, ta hoton abu mai rai. Ni ma ban ɗauke ta da wasa ba. Itace da gona da gini babu mai ja a kansu. Mutane kuwa na ce a yi su daga nesa, ba fuska. Ya karɓa ba gardama: mata biyu a masussuka sun ba da baya, taɓarya ɗaya a sama ɗaya a turmi, da yaro yana kora jaki da mangala. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ko wannan ba, yana iya cewa a bar masa fili da itatuwa da rumbuna kawai, zanen ba zai rasa kyau ba.

Sai abin da bai yi mini daɗi ba. Lokacin da ya ɗiba ya wuce sosai, kuma sai na kira sannan in ji dalili. Dalilin gaskiya ne: fentin mai ba ƙafewa yake yi irin na ruwa ba, man da ke cikinsa ne yake shan iska a hankali har ya daskare, laimar Legas da damina kuma tana ƙara masa nawa. Amma wannan magana ce ta ranar ciniki, ba ta ranar da alkawari ya cika ba. Na biyu, firam ɗin. Kafintan da ya ba aikin da ɗanyen katako ya yi, hunturu na shigowa kusurwa ɗaya ta buɗe baki, sai da na sake wani da kuɗina. Na uku ya fi tayar mini da hankali: tsakiyar damina na sauke zanen na ga fumfuna ta fara ɗigo-ɗigo a bayan kyallen. Bangon da na rataye shi yana shan ruwa ta waje, kuma ba wanda ya gargaɗe ni. Da na kira shi ya turo yaronsa, aka goge da busasshen buroshi, aka shanya a inuwa inda iska ke wucewa, aka liƙa 'yan ƙananan katakai a bayan firam don ya ɗan janye daga bango. Tun da na mai da shi bangon ciki ban sake ganinta ba. Duk mai niyyar ajiye irin wannan zane a Ikko ya riƙe wannan, kuma kada ya bari a manna masa gilashi a jikin fentin.

A gefen yabo kuma, ya gaya mini banish, wato man ƙyalli da ake shafawa a saman zane don kare shi, ba a shafa shi sai zane ya yi aƙalla wata 6, wanda aka lafta wa fenti da kauri ma har shekara. Da lokaci ya yi shi da kansa ya tuna mini, ya zo gida ya shafa bai karɓi ko sisi ba. Launukan da suka ɗan dushe suka dawo.

Alƙalin ƙarshe Baffana ne, wanda ya tsufa a cinikin shanu a mayankar Oko-Oba. Ya sa tabarau ya tsaya gaban zanen shiru, sannan ya nuna da sanda. "Wannan bunaji ne, tozonsa ya zauna, ƙahon ma haka. Amma jan nan na baya, ɗana, in rahaji ake nufi to an rage masa ƙaho, kuma ƙafarsa ta yi gajarta." Na duba, gaskiyarsa. Ni kuma abin da nake gani kullum shi ne kusurwar sama ta dama, inda ɗan shunayya ya shigo; wannan sararin Legas ne da yamma, hantsin hunturu a Gumel ba ya yin haka. Na yi masa magana ya ce zai iya gyarawa, amma sai an cire banish, na ce a bar shi.

Zan sake ba shi aiki, kuma na riga na tura masa mutum biyu daga kasuwar Mile 12. Sharaɗin da na gindaya musu shi ne su nemi zanen gwaji kafin a buɗe fenti, su kai hotunan lokaci ɗaya na shekara, su je da kansu ko su tura dattijon da ya yi noma, firam kuma su kai wa kafintan da suka sani. Nawa na gaba fadamar bayan gari ce da rani, lokacin da albasa da tumatir suka rufe ta, na riga na sa ƙanena ya fara ɗauko mini hotunan kwalbatin ban-ruwa da bakin tafki.