Disturb ko upset: wacce ce "ya tayar mini da hankali"?

'Yar'uwa, kin ce kina rubuta wa shugabar makarantarku takardar ƙorafi da Turanci, kan wata magana da abokin aikinki ya yaɓa miki a gaban ɗalibai. Kin rubuta "his words disturbed me", sai ƙawarki ta ce "upset" ta fi dacewa, kuma kina so ki san bambancinsu. Ƙawarki ta fi ki gaskiya, ko da yake jimlarki ba ta karya nahawu ba. Wani abu dabam take faɗi.

Tushen rikicin daga wajenmu yake. Da kalmar "damu" muke cewa yaro ya dame ni da kuka, ƙafa tana damuna, rashin kuɗi ya dame ni, wane ya dame ta da kira. Sai muka kwashi wannan kaya duka muka ɗora wa "disturb". Shi ya sa za ki ji mutum a asibiti yana cewa "my leg is disturbing me". Likita ɗan Najeriya zai gane nan take, amma Baturen Ingila "bothering me" zai ce, ko "my leg hurts".

"Disturb" daga Latin ta fito, kuma a cikinta akwai "turba", wato cincirindon jama'a da hayaniyarsu. Aikinta na farko shi ne katse wa mutum abin da yake ciki: barci, karatu, hutu. Allon da ake ratayawa a ƙofar ɗakin otal, mai ɗauke da "Do not disturb", ba roƙo yake yi kada a ɓata wa baƙo rai ba. Cewa yake kada a ƙwanƙwasa. Haka ma wannan saitin na waya da ke rufe bakin kira. Aikinta na biyu ya fi nauyi: abin da mutum ya gani ko ya ji ya tsaya masa a rai don muninsa. Gidajen talabijin kan yi gargaɗi da "disturbing images" kafin su nuna hotunan yaƙi ko haɗarin mota. To idan kika ce maganarsa ta yi "disturbing" ɗinki, shugabar za ta iya ɗauka cewa akwai barazana a ciki, ko wani abu da ke nuna mutumin nan ba lafiya ba. Kuma ki kiyaye da cewa "he is disturbed" game da kowa, domin sau da yawa taɓin hankali ake nufi da ita.

"Upset" kuwa zuciya take taɓawa kai tsaye. Ma'anarta ta zahiri kifar da abu ce, kamar kwale-kwale a ruwa. Mutumin da yake "upset" ransa ne ya ɓaci, ɓacin rai mai haɗe da jin ciwo, irin wanda ke kawo ƙwalla ko ya hana cin abinci. Bai kai fushi ba, don wannan "angry" ne, amma ya wuce ƙosawa. A nan Turanci da Hausa sun yi dace: abin da muke kira ɓacin ciki su ma "upset stomach" suke ce masa. Masu bin ƙwallo sun san ta a wata riga: ranar da Senegal ta ci Faransa ɗaya da nema a wasan buɗe gasar cin kofin duniya ta 2002, alhali Faransa ce ke riƙe da kofin, "upset" jaridun Turanci suka kira abin, don ƙarami ya kifar da babba.

Akwai ta uku da ban cika jin mutanenmu suna amfani da ita ba, kuma a ganina ita ce ta fi kusa da "hankalina ya ƙi kwanciya": "unsettle". Ki dubi ruwan randa da lakarsa ta kwanta, sai wani ya zura moɗa ya motsa. Ba a zubar ba, amma ya gurɓace. Shugabar da kullum take yi miki raha, yau kin gaishe ta ta amsa a daƙile ba ta ɗago kai ba. Ba ta zage ki ba, ba ta katse miki aiki ba, amma kin wuni kina saƙe-saƙe. Wannan shi ne "it unsettled me". Ana iya kasa faɗin dalilinsa ma, saɓanin "upset" da kusan kullum an san wanda ya jawo.

Sauran na lokacin da ake cikin matsi ne. "Rattle" asalinta ƙarar abu ce in an girgiza shi, kuma ana faɗinta ga shaidar da lauya ya rutsa da tambayoyi har ya soma tufka da warwara. Kalmar hira ce da ta jaridu, ba ta takardar ofis ba. "Unnerve" ita ce sarewar gwiwa, ƙarfin hali ya gudu. "Fluster" daburcewa ce mai sauƙi, kamar ta amarya da baƙi suka yi wa dirar mikiya tuwo bai nuna ba. "Perturb" da "disconcert" sai a littattafai da tambayoyin JAMB na kalma mafi kusa a ma'ana. Ki san su, amma ba dole ki furta su ba.

Game da takardarki, tun da a gaban ɗalibai aka yi abin, ina jin ba ɓacin rai kaɗai kika ji ba, har da muzanci. In haka ne, rubuta: "I was upset and embarrassed by his remarks in front of the students." Idan kuma da gangan ya yi don ya zubar miki da mutunci, sa "humiliated" a gurbin "embarrassed", sannan ki kawo ainihin kalmomin da ya faɗa da ranar da ya faɗe su, don a kansu shugabar za ta yi hukunci.