Wata takwas da garmaho biyu a Katsina: sharhi a kan Audio-Technica AT-LP120XUSB

Lokacin da aka raba kayan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, babu wanda ya nuna sha'awar wani akwatin ƙarfe da ya daɗe a ƙarƙashin gado a gidanmu na Ƙofar Ƙaura, sai ni. A cikinsa akwai faya-fayan garmaho kusan sittin, wasu na makaɗan kalangu da kukuma, wasu na kiɗan Kudu waɗanda kamfanonin EMI da Decca suka fitar, kaɗan kuma na Indiya. Na shekara biyu ina buɗe akwatin ina rufewa ba tare da na ji muryar ko ɗaya ba, domin garmahon gidan ya mutu tun muna yara. Da farko niyyata ita ce in sayi na'ura ɗaya in saurare su, amma da yake na daɗe ina haɗa waƙoƙi a kwamfuta da manhajar VirtualDJ don nishaɗin kaina, sai na yanke shawarar sayen guda biyu da ƙaramar miksa mai layi biyu, wato na'urar da ke haɗa sautin garmahon biyu, in koyi haɗa kiɗa da hannu kamar yadda DJ na farko suka yi. Yau wata takwas ke nan ina amfani da su, sun ga hunturu sun ga bazara, saboda haka ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani.

Abu na farko da mai saye zai tambaya shi ne yadda injin yake juya farantin da ake ɗora faifai a kai. Akwai na'urar da bel na roba ke haɗa injinta da farantin, akwai kuma wadda farantin yake zaune a kan injin kai tsaye. Mai bel tana da kyau ga wanda zai ɗora faifai ya koma kujera ya saurara, amma ba ta yi wa mai haɗa kiɗa ba, domin shi kullum hannunsa yana kan faifan, yana tsayar da shi, yana mayar da shi baya, yana sakinsa a daidai bugun da yake so. Bel yana santsi, yana kuma ɗaukar lokaci kafin ya dawo da saurinsa, ga shi zafi irin namu yana sa roba ta saki da wuri. Wannan ne ya sa Technics SL-1200, wadda kamfanin Matsushita na Japan ya fitar a 1972, musamman samfurinta na MK2 na 1979, ta zama ma'aunin da ake gwada kowace na'ura da shi. An daina ƙera ta a 2010, aka dawo da ita a 2016, sannan aka fitar da MK7 a 2019, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin mai koyo a gida. Na so in sayi ta hannu, har na je Kano na ga wata mai kyau, amma da na juya bayanta sai na ga an rubuta bolt 100, wato ta kasuwar Japan ce, alhali wutarmu 230 ce. Ta Amurka kuma 120 take sha. Duk wanda ya jona irin waɗannan kai tsaye ya ƙona kuɗinsa, don haka a duba bayan na'ura kafin a duba fuskarta.

Wadda na tsaya a kanta, AT-LP120XUSB, ta ɗauko siffar Technics kusan gaba ɗaya, kuma juyinta na kai tsaye ne. Tana juyi uku: 33 da sulusi a minti ɗaya, irin na dogon faifan da Columbia ta fito da shi a 1948, da 45 na ƙaramin faifan RCA Victor na 1949, da kuma 78 na tsoffin faya-fayai masu nauyi da saurin fashewa. Wannan juyi na uku ya yi mini rana, domin bakwai daga cikin na mahaifina irinsu ne, sai dai suna buƙatar allura mai faɗin baki, wadda ake saya daban a maƙala a mazaunin allurar da ya zo da na'urar. Tana da sandar ƙara sauri ko rage shi da kashi 8 ko 16 cikin ɗari. Tana shan wuta ta adafta mai karɓar bolt 100 zuwa 240, kuma cinta kaɗan ne, inbatar gidana tana ɗaukar biyun da miksar ba tare da ta ji nauyi ba. Akwai kuma kafar USB, wadda ta ba ni damar kwafe faya-fayan zuwa kwamfuta da manhajar Audacity, na tura wa 'yan'uwana a waya. Yayata da ke aure a Daura ta kira ni tana kuka bayan ta ji waƙar da mahaifinmu yake sawa da hantsin Juma'a, kuma a wurina wannan kaɗai ya biya kuɗin na'urar.

Saitin farko yana buƙatar natsuwa. Ana murza nauyin da ke bayan hannun allurar har hannun ya tsaya a iska bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, sannan a mayar da lambar sifili, a ƙara giram 2, wanda shi ne nauyin da aka ƙayyade wa allurar VM95E da ta zo da ita. A gefen farantin akwai jerin ɗige-ɗige da ƙaramar fitila take haskawa. Idan saurin ya daidaita sai ka ga ɗigon ya tsaya cak kamar an zana shi, idan ka taɓa faifan da yatsa sai ka ga ya fara zamewa baya, ka saki ya dawo. Sannan kada a manta da siririyar wayar ƙasa da ake ɗaurawa a jikin miksa, domin idan babu ita za a riƙa jin wani gunji a sifika, musamman idan janareta ke ba da wuta.

Inda ya kamata mai saye ya san iyakarta shi ne ƙarfin juyi. A ma'aunin da kamfanonin suke bugawa, nata ya ɗan haura 1, na Technics MK2 1.5 ne, na Pioneer PLX-500 1.6, na yayarta AT-LP140XP 2.2, na PLX-1000 kuwa 4.5. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan ka riƙe faifai ka sake shi, tana son ka ɗan tura shi da yatsa kafin ya kama gudu. Ga mai haɗa waƙa da waƙa a hankali, wannan ba matsala ba ce, hannu yana sabawa cikin mako biyu. Wanda kuwa burinsa shi ne goga faifai gaba da baya da sauri, irin na 'yan hip-hop, gara ya ƙara kuɗi ya sayi LP140XP. Haka nan allurar VM95E an yi ta ne don sauraro, ba don jan faifai baya ba, saboda haka na ajiye ta don tsoffin faya-fayai masu daraja, na sa Ortofon Concorde ta ƙasar Denmak, mai zagayen baki da nauyin giram 3, a ranakun atisaye.

Babban abokin gabar faifai a Katsina yanayi ne. Da hunturu ya kankama a Disamba, ƙura takan shiga ko da taga a rufe take, kuma bushewar iska tana sa faifai ya riƙa jan ƙurar kamar maganaɗisu. Kafin waƙa ɗaya ta ƙare sai ka ga wani ɗan curi kamar audugar rimi ya taru a bakin allura, sauti ya dushe, ƙas-ƙas ya yi yawa. Dole ne a goge kowane faifai da burushi mai laushi kafin a ɗora shi, a kuma rufe na'urar da murfinta a lulluɓa zane a kai. Bazara kuwa ta fi haɗari. A watan Afrilu, da zafi ya kai digiri 40, na bar faifai ɗaya kwance a kan tebur kusa da taga daga azahar zuwa la'asar, na dawo na tarar ya lanƙwashe kamar faifan kaba da aka jiƙa, hannun allura yana hawa yana sauka a kansa. Na ji ciwon wannan asara sosai domin ba ni da wani irinsa. Tun daga ranar a tsaye nake jera su, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon yamma.

Ɗan yayata yana sana'ar DJ a gidajen biki da kamu da dina, kuma kayan aikinsa kwamfuta ce da kwantirola Pioneer DDJ-FLX4, wato na'urar sarrafa waƙoƙin da ke cikin kwamfuta da hannu, wadda ta fito a 2022, tana shan wuta daga kwamfutar ta wayar USB, tana kuma shiga jakar goyo. Ranar da ya zo ya ga nawa, ya daɗe yana shafa farantin, sannan ya ce, "Kawu, Allah ya sa albarka, amma idan uwar amarya ta aiko a sa mata waƙar da ta fito makon jiya, a wane faifan zan same ta?" Gaskiya ya faɗa, kuma ban yi masa musu ba. Waƙoƙin Hausa na zamani da ake rawa da su a bukukuwanmu a waya da intanet suke yawo, ba a faifai ba. Shi yana ɗauke da dubban waƙoƙi a aljihu, ni kuwa dogon faifai ɗaya minti ashirin da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe. Kuɗin na'urata ɗaya ya kai na kwantirolarsa gaba ɗaya, ban da ta biyu da miksa da allurai. Tun da Pioneer ta fitar da na'urar CDJ-1000 a 2001, Serato kuma ta biyo da manhajar Scratch Live a 2004, sana'ar ta juya zuwa na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma duk matashin da yake son ya ci abinci da ita a Katsina, can ya kamata ya fara.

Amma akwai abin da na nuna masa a daren wanda shi ma ya jinjina. Manhajar kwamfuta tana ƙirga bugun kiɗa a minti ɗaya, ta shimfiɗa masa ma'auni, sannan da maɓallin Sync ta daidaita waƙa biyu. Wannan yana aiki sarai a kan kiɗan da aka haɗa a situdiyo da fiyano, domin bugunsa ba ya motsi daga farko har ƙarshe. Makaɗin kalangu kuwa mutum ne, yana bin numfashin mawaƙi, yana ja idan ana kirari, yana zaburowa idan 'yan amshi suka karɓa, wani lokaci ma ya ƙara wuta saboda an yi kari. Da muka sa irin wannan waƙa da na kwafa a kwamfutarsa, ma'aunin ya kama daidai a farko, kafin a yi nisa ya kauce. A kan garmaho babu lamba babu zane, kunne ne da yatsa: kana jin waƙa ɗaya a kunnen hagu ta hedifon, ɗaya a sifika, idan ta bayan ta fara gudu ka shafi gefen farantin, idan ta yi nauyi ka ɗan murza tsakiyar. Na yi wata uku kafin in iya riƙe waƙa biyu tare na tsawon rabin minti, kuma a cikin wannan koyo ne na fara jin abubuwan da ban taɓa lura da su ba a kiɗan da na tashi da shi, kamar yadda ƙaramar ganga take riƙe ƙasa yayin da babbar take magana.

Akwai hanyar tsakiya ga mai son duka biyun. Ana sayar da wani faifai na musamman wanda babu waƙa a cikinsa sai sautin sigina, idan aka ɗora shi a garmaho, manhaja irin Serato ko rekordbox tana karanta motsinsa ta juya waƙar da ke kwamfuta daidai da hannunka. Hanya mafi sauƙi ita ce miksar ta zama mai karɓar wannan tsari, kamar Pioneer DJM-250MK2 mai aiki da rekordbox, don haka a yi wannan lissafi tun kafin sayen miksa.

Hukuncina shi ne, AT-LP120XUSB ta cancanci kuɗinta ga mutumin da yake da faya-fayai a gida, ko yake da hanyar samunsu, yake kuma son koyon haɗa kiɗa da kunne a ɗakinsa. Wanda ba shi da faifai ko ɗaya, ko wanda zai riƙa ɗora kaya a Keke Napep zuwa gidan biki, kwantirola ce tasa. Ɗan yayata ya ci gaba da sana'arsa da kwamfuta, amma yanzu duk ranar Talata, da yake ba a cika biki ba, yakan zo bayan isha'i ya rufe fuskar kwamfutar ya tsaya a gaban garmahon, kuma a makon da ya wuce ya riƙe waƙa biyu na kusan minti ɗaya.