Wajen gyaran tof silinda da na kai na taraktata a Kano: abin da na gani

Duk wanda zai yi wa injin ƙaramar tarakta garambawul, ina ba shi shawara kada ya bari a mayar da tof silinda, wato murfin ƙarfen da ke rufe saman inji, ba tare da an auna fuskarsa ba. Akwai wani wajen masu injin yanka ƙarfe a yankin Ƙofar Ruwa da na kai nawa, kuma aikinsu ya gamsar da ni, duk da akwai inda suka gaza.

Taraktata Massey Ferguson 240 ce, mai injin Perkins ɗin nan AD3.152, silinda uku, lita 2.5. Da ita nake haro a gonakin shinkafa na wajen Kura, nawa da na masu haya. Ƙarshen aikin rani ta fara ɗaukar zafi, ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, in ka buɗe murfi da safe ka tayar sai ka ga kumfa tana tasowa. Daga baya baƙin mai ya koma ruwan toka. Bakanikena ya sauke inji, ya ce tunda an buɗe a sauya ringin fistin da silib, wato bututun da fistin ke kai-komo a ciki, gaba ɗaya. Gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof da jikin inji, ya ƙone tsakanin silinda ta biyu da ta uku. Wasu suka ce a sa sabon gaskit kawai a ɗaure, wani ma ya ce zai goge fuskar da sanfefa a kan gilashi. Bakaniken ya ƙi, ya ce zafi ya riga ya karkatar da ƙarfen, kowane gaskit aka sa ba zai kai damina ba.

Abin da ya fara burge ni a wajen shi ne ba su yi gaggawar ɗora shi kan inji ba. Maigidan wajen, wani dattijo mai tabarau, ya sa yaransa suka cire bawul, wato masu buɗe da rufe hanyar iska da hayaƙi, suka wanke tof ɗin tas, suka toshe ƙofofin ruwa da faranti da roba, suka hura masa iska, sannan suka nutsa shi cikin tankin ruwan zafi. Muka tsaya muna kallo ko kumfa za ta fito. Ya ce da ni, "Alhaji, in ya tsage, gara in faɗa maka yanzu ka je ka nemi wani, da in ci kuɗinka a banza." Na ce, "Baba, gaskiyarka." Ya nuna mini inda irin wannan tof ya fi tsagewa, siririn wurin da ke tsakanin mazaunin bawul biyu da kuma gefen ramin nozul, wato abin da ke fesa gas cikin silinda. Nawa lafiya lau, ko ɗigon kumfa babu.

Sannan aka zo awo. Ya ɗora wani miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskar, a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, yana zura siraran ganyen filagej, wato ƙarafan auna tazara, a ƙarƙashi. A gefe ganyen ba ya shiga, amma a tsakiya, daidai inda gaskit ya ƙone, na 0.18 na milimita ya wuce sumul. Da idona na ga haske yana ratsawa. Sai ya auna kaurin tof ɗin gaba ɗaya don ya san ko an taɓa yanka shi a baya. Wannan shi ne abin da masu gaggawa ke tsallakewa. A wannan inji fuskar tof shimfiɗaɗɗiya ce, ramin da gas ke ƙonewa yana cikin kan fistin, kuma tazarar da ke tsakanin fistin da tof kaɗan ce ƙwarai. Duk abin da aka aske daga fuskar, bawul da bakin nozul suna ƙara matsowa kusa da fistin ke nan. Iyakar da Perkins ya yarda a cire ita ce 0.30 na milimita. In an wuce haka, ko an riga an ci rabon a wani gyara na baya, bawul na iya taɓa fistin, feshin nozul kuma ya daina faɗawa inda ya kamata, inji ya yi ta hayaƙi yana shan gas.

Yankan kansa bai daɗe ba. Kaɗan-kaɗan suka riƙa ɗauka, bayan zagayen farko gefuna suka yi fari, tsakiya ta rage baƙa kamar tsibiri, kowane zagaye tana ƙanƙancewa har ta ɓace. A nan suka tsaya, 0.20 aka cire. Fuskar ba ta yi santsin madubi ba, tana da ɗan siririn zane da farce ke ji, kuma haka gaskit ke so don ya kama. Bayan nan suka sake gyara mazaunin bawul don kawunansu su koma ciki daidai gwargwado, suka sauya gayid biyu, wato bututun da sandar bawul ke bi, da suka yi lakwa-lakwa, suka zuba kananzir a ramuka don a ga ko bawul na yoyo.

Inda suka gaza kuwa, ba su da tsabtar ƙarshe. Da muka kai gareji bakanikena ya zura waya a hanyar baƙin mai, sai ga garin ƙarfe yana fitowa. Da an ɗaure haka, wannan gari kai tsaye zai bi mai ya shiga cikin sabon inji. Sai da muka sake wankewa da gas da iska mai ƙarfi. Wajen da ya iya awo irin wannan bai kamata ya bar wa yara wanki ba tare da dubawa ba. Haka kuma suka miƙo mini tof ɗin tsirara, ko kwali ba su rufa wa fuskar ba, ga shi a bayan a-kori-kura za a ɗauka. Ranar da suka ce in zo ma bai kammala ba, sun ce rashin wuta ne. Ba sa rubuta maka adadin da suka cire, ni na sa aka buga 0.20 a gefen tof ɗin don wanda zai buɗe nan gaba ya san abin da ya rage.

Kuɗin aikin duka bai kai ko kusa da farashin tof na gwanjo ba, wanda shi ma ba ka san sau nawa aka yanka shi ba. Sun yi ciniki cikin mutunci, ba su ƙara komai a kan abin da muka yi magana ba.

Mun duba fuskar bulok, wato jikin injin da tof ke zama a kai, ita ma kafin ɗauri, aka ɗaure notuna daga tsakiya zuwa waje da sifana mai awo, aka sake bi bayan inji ya yi zafi, aka saita bawul. Lagireton da ya toshe, wanda shi ne asalin zafin, an wanke shi an sa sabon fanbel. Yanzu ta gama haron damina ba ta nemi ƙarin ruwa ba. In za ka kai naka, tafi da bawul ɗinka da nozul, ka tsaya a yi awon a gabanka, ka kuma riƙe kwali da tsumma na naɗewa.