Wata biyu da fara MBA a Landan, ga yadda na ga makarantar

Tun da na sauka mutane ke ta tambayata wai ya makarantar take, kuɗin da aka zuba ya yi daidai da abun da ake samu kuwa? To yau dai na samu sarari bari in faɗi abun da idona ya gani, sati takwas kenan cif da fara karatu, kuma kos ɗin, wato digiri na biyu kan tafiyar da kasuwanci, dama na shekara ɗaya ne kamar yadda yawancin MBA na Ingila yake, ba kamar na Amurka da ake shekara biyu ba, saboda haka wata biyun nan ba ƙaramin yanki ba ne.

In taƙaita muku tun daga farko, a cikin aji makarantar nan ta burge ni ƙwarai, a wajen tarbar baƙo kuma ta gaza, kuma duka biyun zan faɗa.

Bari in fara da inda suka ɓata min rai. Ofishin ɗaukar ɗalibai kafin in biya kuɗin ajiye gurbi kullum sai sun turo imel, har waya wata mata ta yi min tana tambaya ko akwai abun da ban gane ba. Ina biya sai shiru. Lambar CAS, wato shaidar da makaranta ke bayarwa cewa ta ɗauke ka, wacce idan babu ita ba ka isa ka nemi bizar ɗalibi ba, sai da na yi sati uku ina binta, ga shi doka ta ce kuɗin da za ka nuna sai ya kwana 28 a asusu ba tare da ya yi ƙasa da adadin ba, kai kana ta lissafin kwanaki su kuma ko a jikinsu. Sannan babu wanda ya zauna ya yi min bayanin kuɗin lafiya na NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnatin ƙasar, fam 776 ne duk shekara ga ɗalibi, ni na ɗauka na shekara ɗaya zan biya, ashe tunda bizar ta zarce wata 12 na shekara ɗaya da rabi za su caje ka, a lokaci guda kuma. Wannan dokar gwamnati ce ba laifin makaranta ba, amma layi biyu a imel ya isa ya sa mutum ya shirya.

Masauki ma haka. Sun ce suna da ofishin taimakon gida, abun da ofishin ya ba ni jerin adireshin intanet ne kawai, masu gida kuma kowa sai ya ce kawo wanda zai tsaya maka mazaunin ƙasar, ni da ko sati ban yi ba ina zan samo shi? Kwana goma sha ɗaya na yi a wani ɗan ƙaramin otal da akwatuna biyu ban ko buɗe su sosai ba, da safe in tafi lakca da yamma in hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ina zagayen duba ɗakuna. Wata ɗaliba 'yar shekarar da ta wuce ce ta haɗa ni da ɗakin da nake ciki yanzu, ita ce ma ta faɗa min in karɓi takardar shaidar ɗalibta in kai wa ƙaramar hukuma don ɗalibi na cikakken lokaci ba ya biyan harajin gida, kuma in nemi katin Oyster na ɗalibai, wato katin hawa jirgin ƙasa da bas, mai rangwamen kashi 30. Aikin ofis ne wannan, ɗaliba ta yi shi kyauta a tsaye bakin laburare.

To amma aji, kai, aji daban ne.

Ni na zo da tunanin farfesa zai tsaya ya yi ta bayani mu kuma mu rubuta. Ba haka ake ba. Salon da suke bi shi ne wanda makarantar kasuwanci ta Harvard ta yi suna da shi, a ba ka labarin wani kamfani na gaske shafi ashirin ko fiye, da alƙaluman kuɗinsa a baya, ka karanta da daddare, da safe a tambaye ka in kai ne shugaba me za ka yi. Kowa da katon kati mai sunansa a gabansa, kujerun kuma a zagaye suke kamar kofaton doki yadda kowa na ganin fuskar kowa. Ranar Talatar farko labarin wani kamfanin kayan ɗaki ne da ke shawarar buɗe masana'anta ta biyu, malamar ta shigo ko gaisuwa ba ta gama ba ta dubi katina ta kira sunana ta ce, a buɗe ko kar a buɗe? Na ce a buɗe, kasuwa na ƙaruwa. Ta ce da wane kuɗi? Na ce da bashi. Sai ta juya wajen wani ɗan Indiya da ya yi shekaru a banki ta ce kai za ka ba shi bashin? Ya ce a'a, ya buɗe shafi na ƙarshe ya nuna cewa ribar a takarda take, kwastomomi ba sa biya sai bayan wata uku, kamfanin zai iya rasa kuɗin albashi alhali yana cin riba. Wallahi na yi shekara shida ina aiki ban taɓa fahimtar bambancin riba da kuɗi a hannu kamar yadda na fahimce shi a minti biyar ɗin nan ba. Ba ta ce na yi kuskure ba, ta rubuta maganata a allo gefe guda ta rubuta tasa a ɗaya gefen, aka yi awa ɗaya da rabi ana ja.

Kuma magana a aji maki ce, ana lissafa ta cikin sakamako, saboda haka mai kunya sai ya daure. Ni dai sati biyun farko Turancin ne ya wahalar da ni, ba don ban iya ba, kowa da irin harshensa, na Sifen daban na Chana daban na Sikotlan kuwa sai na kasa kunne sosai, kafin in gama haɗa amsa a kaina an wuce wajen.

Abu na biyu da na yaba shi ne rukunin karatu. Ba kai ke zaɓa ba, su ke haɗa ku da gangan yadda ba za ku yi kama ba, mu shida ne daga ƙasa shida, akwai likita akwai injiniya akwai tsohon soja. Mun yi faɗa kan asaimen ɗin farko sosai, ɗaya yana son a gama tun Laraba ɗaya sai daren ƙarshe yake motsi. Amma injiniyar nan ita ta zauna da ni awa uku ranar Asabar ta koya min Excel yadda ya kamata, ni kuma na gyara mata jawabin da za ta gabatar. Tsohon sojan matarsa da yaransa biyu suna can ƙasarsu, don tun Janairun 2024 ɗaliban digiri na biyu irin namu ba sa iya zuwa da iyali, kullum ƙarfe ɗaya na rana zai fita baranda ya yi kiran bidiyo kafin yaran su kwanta, mu kuma mun daina sa taro a wannan lokacin ba tare da kowa ya ce a daina ba.

Ofishin neman aiki shi ma ya yi ƙoƙari, har ya so ya yi yawa, sati na biyu aka fara mana maganar intabiyu mutum bai ko san hanyar gidansa ba. Mai ba ni shawara ta karɓi takardar CV ɗina mai shafi uku ta ɗauki jan biro ta soke hoto, ta soke ranar haihuwa, ta ce nan ba a sa su, duk inda na rubuta na kula da kaza sai ta ce nawa ne, mutum nawa, kuɗi nawa, har ta dawo shafi ɗaya. Ta kuma faɗa min gaskiya ba ɓoye-ɓoye, bizar zama bayan karatu da aka fara a 2021 shekara biyu ce kuma gwamnati ta sanar za ta rage ta zuwa wata 18, ba kowane kamfani ne ke yarda ya ɗauki nauyin bizar aiki ba, in fara tantance su tun yanzu. Abun da ban so ba shi ne yawancin tarukan haɗuwa da ma'aikatan kamfanoni a mashaya ake yi, ni ba na sha, na riƙe lemona babu wanda ya dame ni, amma hayaniyar ba ta barin ka ji me mutum ke cewa, da za su riƙa yin wasu da safe da an fi amfana.

Yanayi kuma ba laifin kowa ba ne amma ku sani, Lahadin ƙarshe ta Oktoba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, yanzu kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe, ka shiga aji da duhu-duhu ka fito da duhu. Wannan ya taɓa ni fiye da sanyin ma.

In za a ce in ba da maki, koyarwa da rukuni tara cikin goma, ofishin aiki takwas, tarba da masauki uku kuma ukun ma na yi musu adalci. Wanda ke shirin zuwa, kafin ka biya ko sisi ka duba ko makarantar na da amincewar AMBA ko EQUIS ko AACSB, wato masu tantance ingancin makarantun kasuwanci, ka tambaye su a rubuce kwana nawa suke ɗauka su fitar da CAS, sannan ka ce su haɗa ka da ɗalibin da ke ciki yanzu ba wanda ke cikin hoton talla ba. Ni na riga na rubuta wa ofishin cewa baƙin da za su zo baɗi su ba su lambata.