Sharhi: ƙaramar sikana da bin diddigin tsofaffin hotunan Zariya

Na gwada ƙaramar sikana mai girman A4, irin wadda ake ɗaga murfi a kife hoto a kan gilashi, a kan tsofaffin hotunan gida da na cikin gari. Ga mai son gano shekarar hoto da inda aka ɗauke shi, ta fi kyamarar waya nesa ba kusa ba. Waya tana kawo ƙyalli, ta karkata hoton, kuma ƙananan abubuwan da ke gefe su narke, alhali shaidar tana can.

A 600 dpi (yawan ɗigo a kowane inci na hoton) ne ake fara ganin aikinta. Hoto mai girman kati, santimita 9 da 14, yana cin kimanin MB 20 idan an adana shi a TIFF, tsarin fayil da ba ya rage ingancin hoto. Ƙanana irin na fasfo a kai su 1200. A wannan matakin allon shagon da ke bayan mutum yakan karantu. In farashin fam da sule ne, kusan lallai kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira ta shigo. In motoci na bin hannun hagu, kafin Afrilun 1972 ne. Hoton hawan salla kuwa fuskar Sarkin Zazzau ake nema: Ja'afaru ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu zuwa 1975, sannan Shehu Idris har 2020. Shaida biyu ko uku suna haɗuwa sai tazarar ta matse, kuma daɗin abin ke nan. Daga nan a ɗauki ƙiyasin a gwada shi da tsofaffin kofen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ko takardun Arewa House, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna.

A riƙa sikanin bayan hoton ma. Hatimin mai hoto da rubutun biro ko ajami can suke. Ko hoton baƙi da fari ne a zaɓi launi, don tawadar hatimin da ta koɗe ta fi fitowa haka.

Tana da aibi. Da yake daga kebul ɗin kwamfuta take shan wuta, ɗaukewar lantarki ba ta tsayar da aiki muddin kwamfutar mai batir ce, amma irin wannan idonta ba ya hangen abin da bai manne da gilashi ba. Hoton da ya nannaɗe sai gefensa ya fito dishi-dishi, dole a ɗora littafi mai ɗan nauyi a kan murfin. Takarda mai ɓurɓushi takan fito da zane kamar saƙar zuma. Gyaran da manhajarta ke yi da kanta kuma a kashe shi, domin yana ɗaukar tsagen fuska da zaren aska takwas a matsayin datti ya shafe. Lokacin hunturu ƙura ba ta barin gilashin, a goge da ƙyalle mai laushi bayan kowane hoto biyar ko shida.

Hoton da ya manne da gilashin firam kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta biyo gilashin. Wannan kam a koma wa waya, a ɗauke shi a inuwa. Wanda za a tura wa dattawa su duba ta WhatsApp a aika shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar ta matse shi, rubutun allon ya sake ɓacewa.